Tankar Madara ko Tankar Mai: Abin da Direba Zai Auna Kafin Ya Karɓi Makulli

Direban da ke riƙe da lasin manyan motoci, aka kuma buɗe masa ƙofa biyu, ta tankar madara da ta tankar mai, tambayarsa ta farko kuɗi ce. Amsarta ba ta da tsawo. A Najeriya da Nijar tankar mai ta fi yawan guraben aiki nesa ba kusa ba, kuma a mafi yawan lokuta abin da direbanta ke haɗawa a wata, albashi da kuɗin hanya, ya ɗara na direban madara. Wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi, magana ta ƙare a nan. Sai dai ayyukan biyu siffar mota ce kawai ta haɗa su. Mai jan fetur yana ɗauke da kayan da ke iya halaka shi da mutanen gefen titi. Mai jan madara yana ɗauke da kayan da ke lalacewa a hannunsa cikin sa'o'i kaɗan, ko da bai gogi kowa ba, ko da tayarsa ba ta taɓa rami ba. Halin da kowane aiki ke nema daban ne, kuma a nan ne direbobi da yawa ke kuskuren zaɓi.

Aikin madara bai bazu ko'ina ba. Yana nan ne inda wani kamfani ya kafa cibiyoyin tattarawa. FrieslandCampina WAMCO, masu madarar Peak, suna da cibiyoyi a jihar Oyo, a wurare irin su Fasola, Alaga, Maya, Iseyin da Saki, inda Fulani makiyaya ke kai madara, daga can a wuce da ita masana'anta a Legas. A Kano akwai L&Z, a Vom ta jihar Filato akwai Integrated Dairies masu Farm Fresh, Arla na da gona a Damau cikin ƙaramar hukumar Kubau a Kaduna, Nestlé na karɓar madara a Paikon Kore kusa da Gwagwalada. A Nijar, cibiyoyin Hamdallaye da Kollo na aika madara zuwa masana'antun Yamai. Ba ko'ina ake amfani da tanka ba. Inda madarar ba ta da yawa, a garwa ake ɗauka, bisa babur ko a-kori-kura. Dalilin a fili yake: saniyar Bunaji a ruga tana ba da lita 1 zuwa 2 a rana bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, saboda haka kafin a cika tanka mai lita 10,000 sai an tatsi shanu dubbai a rugage da dama.

Aikin kuma iri biyu ne. Akwai direban zagaye, mai ƙaramar tanka ta lita 3,000 zuwa 10,000, wanda ke bin cibiyoyi ɗaya bayan ɗaya a kan hanyar burji da ta daji. Akwai direban dogon zango, mai tirela, wanda ke ɗauka daga babbar matattara ya kai masana'anta. Na biyun ya fi kama da aikin mai, yana kuma buƙatar lasin aji G na motoci masu jan tirela. Na farkon shi ne ainihin aikin madara, kuma a kansa mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Nauyi da motsin kaya a cikin tanka

Madara ta fi ruwa nauyi da kaɗan: lita ɗaya kusan kilo 1.03 ce. Fetur kusan kilo 0.74 ne a lita, gas, wato dizal, kuma kusan 0.84. Tanka mai lita 33,000 ta fetur tana ɗauke da kimanin tan 24 da rabi. Da za a cika ta da madara, tan 34 ke nan. Shi ya sa tankar madara ke da ƙaramin ciki, kuma direban da ya saba auna nauyi da ido, yana ganin ƙaramar tanka ya ɗauka mota ce mai sauƙi, birki zai ba shi mamaki tun ranar farko.

Babban bambancin yana cikin tankar, inda ido ba ya gani. Tankar mai an raba ta ɗaki-ɗaki, sannan an gitta faranti masu huda a ciki don su karya ƙarfin man idan ya yi gaba ko baya. Tankar madara sau da yawa ba ta da waɗannan faranti, domin kowane lungu da kowane walda maɓoyar ragowar madara ce da wanki ba ya kaiwa. Cikinta sumul yake, ko dai ɗaki ɗaya dogo ko ɗaki biyu zuwa uku. Idan ta cika taf, babu matsala, kayan ba su da wurin motsi. Amma direban zagaye da tanka wayam yake fita, ya ɗebi lita 800 a nan, 1,500 a can, ya yi mafi yawan tafiyarsa da rabin kaya. Rabin tanka mai lita 10,000 ya haura tan 5, kuma tan 5 ɗin nan ba a ɗaure suke ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka taka birki, motar ta rage gudu, madarar ba ta rage ba. Ta tafi ta doki bangon gaba, ta tura motar gaba bayan ka ɗauka ka riga ka tsaya. Ta koma baya, ta sake dawowa. A mahaɗar hanya, wannan turin na biyu ne ke shigar da kan mota cikin titi ko ya haɗa shi da bayan wata motar. Maganinsa a fara birki tun daga nesa, a hankali kuma ba a sassautawa, a bar tazara mai yawa, sannan bayan an tsaya a ci gaba da danne birki har kayan su lafa. Wajen tashi, kar a sauya giya daidai lokacin da madarar ke komawa baya, domin mota za ta nutse kamar an riƙe ta, kulochi ne ke shan wahalar. A kwana kuwa madarar gefe take hawa, nauyi ya koma tayoyin waje, kuma tanka na iya kifewa da gudun da motar siminti za ta wuce lafiya lau. Mafi muni kwana biyu a jere, hagu sannan dama, ko tayar gefe ta sauka daga kwalta direba ya fizgo sitiyari don ya dawo. Idan tankar mai ɗakuna ce, a cika ɗaki ɗaya kafin a buɗe wani. A kan tirela, kar a bar ɗakin gaba wayam na baya cike, domin tayoyin da ke jan mota za su rasa nauyi, su riƙa sulɓi a laka da kan hawa.

Direban mai yakan fita daga daffo da cikakken kaya ya dawo wayam, don haka bai cika haɗuwa da wannan ba sai idan yana rabawa gidajen mai da yawa. Ta fuskar tuƙi zalla, zagayen madara ya fi wuya. Mutane ba sa yarda da haka saboda madara ba ta kama wuta.

Direba ne, mai duba kaya ne

A cibiyar tattarawa, kafin a haɗa tiyo, akwai aikin da ba shi da alaƙa da sitiyari. A wasu kamfanoni ma'aikacin kula da inganci ne ke yi, ko ya bi motar. A wasu, direba ne da kansa. Ko wane ne ke yi, direba ne zai sa hannu a takarda, shi ne kuma zai tsaya a ƙofar masana'anta idan an ƙi kayan.

Ana fara buɗe murfin tankin sanyaya a shinshina tun injin motsawa bai tashi ba, domin wari a saman madara yake taruwa. Tsami, warin hayaƙi, warin kananzir daga jarkar da ba ta dace ba, duk hanci na kama su. Ba a ɗanɗanawa. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa shanu ɓari, kuma wanda ke ɗanɗanar cibiya biyar kullum yana sayen ciwo da bakinsa. Sai a karanta yawan madarar a sandar awo tana kwance ba motsi, a goge sandar a sake karantawa. Sai a kunna injin motsawa na aƙalla minti 5, babban tanki minti 10, domin maiƙo sama yake tasowa, kuma samfurin da aka ɗeba ba a motsa ba ƙarya zai faɗa, ko ya cuci makiyaya ko ya cuci kamfani. Sai a auna sanyi da ma'aunin da direba ya zo da shi, ba da agogon da ke jikin tankin kaɗai ba. Abin da ake nema digiri 4. Madara na fitowa daga hantsa da zafin jikin saniya, wajen digiri 37, kuma a wannan zafin ƙwayoyin cuta kan ninka kansu cikin minti 20 zuwa 30. Madarar da ta yi sa'a uku ko huɗu a garwa cikin rana kafin ta iso cibiya, sanyi ba zai gyara ta ba, zai dai tsayar da ita inda ta kai.

Gwajin da ke tona wannan shi ne na alkohol: madara mililita 2, alkohol mai ƙarfin kashi 68 zuwa 72 mililita 2, a haɗa a ɗan faranti a jujjuya. Idan ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ta fara tsami, ba za ta jure dafuwa a masana'anta ba. Dakashi, wato nonon kwanakin farko bayan haihuwa, da madarar saniya mai ciwon hantsa su ma sukan faɗi wannan gwaji. Sai ma'aunin kauri, ɗan kwalbar da ake saki ya yi iyo a cikin madara. Madara tsantsa tana nuna 28 zuwa 32 ko kusa da haka. Ƙarin ruwa kashi 10 cikin 100 yana sauke 30 zuwa 27. A kula da zafin da aka rubuta a jikin ma'aunin, domin madara mai ɗumi ƙasa take nunawa ko ba a sa mata ruwa ba, kuma an sha zargin bayin Allah a kan haka. A kuma san iyakarsa: wanda ya kwashe maiƙo sannan ya ƙara ruwa, ma'aunin zai nuna daidai, domin cire maiƙo ɗaga lamba yake yi, ruwa ya dawo da ita. Wanda ya zuba gari ko sitaci, ɗigon aidin zai mai da madarar shuɗiya.

Gwajin da ya fi kowanne tsada idan aka tsallake shi shi ne na ragowar magani. Makiyayi ya yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta irin LA ko Penstrep, bai jira kwanakin da aka rubuta a kwalba ba ya ci gaba da haɗa madararta da ta sauran. Ba ta wari, ba ta canza launi, ta wuce alkohol, ta wuce ma'aunin kauri, tafasa kuma ba ta fitar da maganin. A masana'antar yogot, maganin zai kashe irin da ake zubawa, madara ta ƙi yin barci, a zubar da tukunya guda. Ɗan tsinken gwajin yana ɗaukar minti 5 zuwa 10. Waɗannan mintocin ne direba mai sauri ke ganin ɓata lokaci ne.

Daga kowace cibiya ana ɗebar samfur a kwalba mai tsabta, a rubuta sunan cibiya da rana da lokaci da sanyi, a sa cikin kula mai ƙanƙara. Kar a raina kwalaben nan. Ranar da masana'anta ta ƙi tanka guda, su ne za su nuna daga wace cibiya ɓarnar ta fito. Direban da samfurinsa ya ɗumame ko ya manta rubutu, laifin a kansa zai tsaya.

Abin da ya fi gwaje-gwajen wuya shi ne furta kalmar a'a. A al'adar Fulani madara ta mata ce, kuɗinta ne cefanen gida da magani da sabulu. Idan janareto ya mutu cikin dare, tanki ya tashi daga digiri 4 zuwa 12, wanda zai ce ba za a ɗauka ba yana kallon idon mai kula da cibiya, wataƙila Arɗo na tsaye, mata na zaune da ƙorai a gindin bishiya. Za a ce masa, Malam direba, ka taimaka, ka haɗa da mai sanyin da ke cikin motarka ai za ta bi. Lissafin ba ya bi. Lita 6,000 a digiri 4 da lita 2,000 a digiri 20 za su ba ka lita 8,000 a digiri 8, ga ƙwayoyin cutar da ka zuba wa madarar cibiyoyi uku da ba su ji ba ba su gani ba. Tausayin da ya sa ka ɗauka zai jawo asara ga gidaje ninki huɗu. Mutumin da ba ya iya ƙin roƙo, mutumin kirki ne, amma wannan aikin zai wahalar da shi, gara ya sani tun yanzu.

Tankar madara ba firji ba ce. Ƙarfe ne marar tsatsa bango biyu, da abin riƙe sanyi a tsakani. Idan lafiyayya ce kuma cike, digiri 1 ko 2 za ta ƙara a tafiyar yini. Idan rabi ce, ko ruwa ya shiga tsakanin bangon ta inda ta taɓa buguwa, ɗumi zai fi saurin shiga. A Turai doka ta ce kada madara ta wuce digiri 10 lokacin da ta isa masana'anta, kamfanoni da yawa kuma sun fi haka tsanani. Inda wannan ya fi shafar direba shi ne idan mota ta lalace. Tankar fetur da ta mutu a Mokwa za ta iya kwana uku ana jiran makanike, kayan suna nan yadda suke muddin an tsare su. Tankar madara da ta maƙale a laka da azahar, kafin washegari an shiga maganar asara. Dogon girgiza da rabin kaya kuma yana kaɗa maiƙo ya dunƙule, a buɗe murfi a ga ƙwallayen man shanu suna yawo. Don haka kafin karɓar aiki a tambaya: idan mota ta tsaya, akwai wata tankar da za ta zo a juye, kuma cikin sa'a nawa?

Saukewa da wanki

A masana'anta za a duba hatimin murfi da na bawul, a ɗebi samfur, direba ya jira sakamako kafin a ba shi izinin saukewa. Kuskure ɗaya a nan yana cinye tanka sukutum: a kunna famfo ba a buɗe murfi ko mashaƙar iska ba. Madara na fita, iska ba ta shiga, sai tankar ta lotse ciki. Haka ma idan an gama wanki da ruwan zafi aka rufe ko'ina, ko aka watsa ruwan sanyi nan take, tururin ciki zai tsuke ya jawo bango. Tankar da ta lotse ba ta komawa daidai.

Wanki kuwa kullum ne, da zarar an sauke, ba sai gobe ba. Tsarin da ma'aikata ke kira CIP yana tafiya ne kamar haka, da ɗan bambanci daga kamfani zuwa kamfani. Ɗauraya ta farko da ruwa mai ɗumi, wajen digiri 40, har ruwan ya fito garau. Ruwan sanyi daskarar da maiƙo yake yi, tafasasshe kuma dafa madarar yake yi ta manne a bango. Sai ruwan soda, irin ta masu sabulu, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a digiri 70 zuwa 80, ya zagaya minti 10 zuwa 15, shi ke cin maiƙo. A ɗauraye. Sai ruwan asid kashi 0.5 zuwa 1 a wajen digiri 60, shi ke narkar da farin dutsen da madara ke bari, wanda ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ke ƙara wa kauri. A ɗauraye, a sa maganin kashe ƙwayoyi, a tsiyaye, a rufe, a buga hatimi, a rubuta. Idan maganin na kulorin ne, kar a bar shi ya kwana a ciki, yana huda ƙarfen da ƙananan ramuka.

Injin wanki ba ya kaiwa ko'ina, kuma inda ba ya kaiwa nan ɓarna ke fitowa. Robar bakin murfi, cikin bawul, bakin tiyo da murfinsa, cikin famfo, ludayin ɗebar samfur, duk sai an kwance an goge da burushi. Ƙwallon fesa ruwan da ke rataye a cikin tanka yana da ƙananan huda, gashin saniya ko ɗan tsinke na toshe su, sai wani sashe na rufin tankar ya yi makonni ruwa bai taɓa shi ba. A haska tocila a duba bayan tanka ta bushe: inda ya yi dishi-dishi ko ya yi launin bakan gizo, wanki bai kai ba. Sodar nan mai zafi tana makantar da ido, saboda haka tabarau da safar hannu da takalmin roba ba ado ba ne. Ba a shiga cikin tanka sai da wani tsaye a bakin murfi. Kamfanonin abinci kuma sukan nemi takardar gwajin lafiyar masu taɓa abinci, a riƙa sabuntawa.

Ɓangaren mai

Wahalar mai kowa ya san rabinta. Lodi a Apapa, Ijegun, matatar Dangote a Lekki, Warri, Fatakwal ko Kalaba, a Nijar kuma matatar SORAZ ta Damagaram. Layin daffo na iya cin kwanaki, Legas zuwa Kano ta haura kilomita 1,000, kwana a Ogere, Tafa ko Mararrabar Jos, gida sai an ga dama ta samu. Ga shingaye, ga hanyoyin da tsaro ya yi wuya, ga gangare irin Hawan Kibo inda wanda ya dogara da birki maimakon ƙaramar giya yake ƙona shi tun bai kai ƙasa ba. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, suna duba mota a daffo kafin a bari ta yi lodi.

Rabin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne shoteji, wato ragin litar da ake samu wajen saukewa. Fetur na kumbura da zafi ya tsuke da sanyi, kusan lita 1 cikin kowace 1,000 a kowane digiri. Lita 33,000 da aka loda da rana tsaka, aka auna da sanyin asuba da bambancin digiri 5, za ta nuna ragin da ya haura lita 150 ba wanda ya taɓa ta. Idan yarjejeniya ba ta ware wannan ba, daga aljihun direba za a cire. Sai kuskuren bawul, a sauke fetur a rijiyar gas, ko a loda kananzir a ɗakin da ragowar fetur ke ciki, ya je ya fashe a fitilar wani gida. Sai wuta. Gudun mai a cikin bututu yana tara lantarki, shi ya sa ake maƙala wayar ƙasa kafin a buɗe komai, a kuma cire ta daga ƙarshe. Tanka wayam mai tururin fetur ta fi cikakkiya saurin fashewa, kuma masu walda da dama sun rasa rai a kan haka. Idan tanka ta faɗi, abin ya wuce direba. A Majiya ta jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, mutane fiye da 150 suka rasu, da yawansu suna kwasar man da ya zube. A mahaɗar Dikko ta jihar Neja, cikin Janairun 2025, wasu gommai suka sake rasuwa. Bayan haka ne hukumar NMDPRA mai kula da sufuri da rarraba man fetur ta hana yi wa tankokin lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk wanda zai ja fetur ya san da wannan nauyin zai riƙa ratsa kasuwanni da garuruwa.

A gefe guda, direban mai yana da gata da na madara ba shi da shi. Reshen direbobin tanka na PTD a ƙarƙashin NUPENG, uwar ƙungiyar ma'aikatan mai, ƙungiya ce mai ƙarfi, masu motoci kuma suna da tasu ƙungiyar, NARTO. Idan ka rabu da maigida ɗaya, akwai ɗari. Direban madara yawanci ma'aikacin kamfani ɗaya ne ko na ɗan kwangilarsa, kuma idan kamfanin ya rufe cibiyoyin yankin, babu wani mai tankar madara a kusa da zai ɗauke shi.

Wa ya dace da wanne

Direban zagayen madara a gidansa yake kwana, kuma ga mai iyali ko mai tsofaffin iyaye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma saniya ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba, da azumi ma haka za a fita. Hutu sai idan akwai direba na biyu, don haka a tambaya ko akwai. Aikin kuma yana bin damina da rani. Da damina madara na ambaliya, hanya kuma ta lalace, a yi ta fama da laka da kaya masu agogo. Da rani hanya ta bushe, shanu sun yi kudu neman ciyawa, wasu cibiyoyin su koma ɗauka bayan kwana biyu. Wanda ake biya bisa yawan lita ko yawan sawu, watannin bazara za su matse shi. Albashin wata tsayayye ya fi masa, ko da ya fi ƙanƙanta a takarda.

Shawararmu ga matashin da bai da nauyi da yawa, yake son tara jari cikin 'yan shekaru, yake kuma da jimirin hanya: mai ya fi masa, muddin motar lafiyayya ce, muddin an rubuta lita nawa na shoteji kamfani ke yafewa. Ga wanda ya iya karatu da rubutu da ɗan lissafi, mai tsabta ko ba a kallonsa, wanda ya gaji da kwanan tasha, madara ta fi masa, kuma jin Fulatanci ko kaɗan ne zai sauƙaƙa masa rabin aikin. Hanyar gaba ma ta bambanta: ƙwararren direban madara kan iya zama mai kula da cibiya ko mai tsara zirga-zirgar motoci, direban mai kuma burinsa yawanci ya mallaki kan mota nasa.

Kafin sa hannu a aikin madara, a nemi amsar waɗannan a rubuce: wa ke da ikon ƙin madara a cibiya, direba ko ma'aikacin kamfani, kuma idan direba ya ƙi, kamfani zai tsaya masa? Idan masana'anta ta ƙi tanka, da wane sharaɗi ake ɗora wa direba? Da me ake auna lita a cibiya, da me ake aunawa a masana'anta? Wannan na ƙarshen yana haddasa rigima fiye da yadda ake zato, domin cibiya da sanda take aunawa a lita, masana'anta kuma sau da yawa a sikeli take aunawa a kilo. Lita 10,000 kilo 10,300 ce, kuma kumfar da famfo ke tayarwa idan tiyo na shan iska tana sa mita ta ƙirga abin da ba madara ba. Lokacin wanki, sa'a guda ko fiye kullum, yana cikin lokacin aiki ko kyauta ake so? Idan ɗan kwangila ne mai motar, a leƙa cikin tankar da ido a kuma tambayi abin da ta taɓa ɗauka. Tankar da ta taɓa ɗaukar mai ko wani sinadari ba ta komawa ta abinci, ko an wanke ta sau nawa, kuma a rani ba a yarda a mai da tankar madara ta ɗebar ruwan gini don cike giɓin kuɗi, domin yashi yana karce cikinta, a cikin karcen nan kuma ƙwayoyin cuta ke zama inda soda ba ta isa.